Yana Zama Daban, Yana Zaune Daban: Ga 'Yan Uwana Masu Koyon Japananci

'Yan uwa ɗalibai, musamman na UniJos da ke zaman haya a wajen makaranta, mu na Anguwan Rogo da maƙwabtanmu na Anguwan Rimi. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Maganar masu koyon Japananci a cikinmu zan yi. Na san wani zai yi dariya ya ce su nawa ne ma? Sun fi yadda kake zato. Wasu anime ne ya ja su, tun suna kallon Naruto a wayar yayyensu. Wasu kuma tallafin karatu na gwamnatin Japan suke hari, wanda ake kira MEXT, da ake nema ta ofishin jakadancinsu a Abuja. Ba ƙaramin abu ba ne: kuɗin makaranta, tikitin jirgi zuwa da dawowa, ga alawus na wajen yen 143,000 zuwa 145,000 duk wata ga masu karatun gaba da digiri. A jarrabawar tantancewa akwai takardar Turanci, akwai ta Japananci. Ga kuma shirin ABE da Japan ta sanar a taron TICAD na Yokohama a 2013 don matasan Afirka. Wanda ya ɗauki harshen da gaske yana da abin da yake nema.

Ra'ayina shi ne, duk mai jin Hausa da ya tsaya koyon nahawun Japananci ta Turanci kaɗai, ga ƙoshi ga kwanan yunwa yake yi. Kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar darasin da ake kira -te iru, wanda shi ne dutsen farko da yawancin sababbin ɗalibai ke tuntuɓe da shi.

Ga waɗanda ba su fara ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Ana ɗaukar aikatau a juya ƙarshensa ya koma -te ko -de, sai a liƙa masa iru, ko imasu in ana maganar ladabi. Taberu shi ne ci, tabete iru yana ci. Yomu karantawa, yonde iru yana karantawa. Hashiru gudu, hashitte iru yana gudu. Wanda ya yi Hausa a sakandare zai ce ai wannan lokaci mai ci ne, kuma gaskiyarsa. Littafin Genki yana kawo shi a darasi na 7, Minna no Nihongo a darasi na 14. Bidiyoyin YouTube da manhajojin waya kuwa kusan dukkansu abu ɗaya suke faɗa maka a ranar farko: wannan shi ne -ing na Turanci. Sai ka ce kai, ashe da sauƙi.

Sati bai zagayo ba za ka ci karo da shinde iru. Shinu mutuwa ce. Bisa ƙa'idar da aka ba ka, sai ka fassara da "yana mutuwa", wato ran bai gama fita ba, ana iya garzayawa asibiti. Alhali ma'anarsa ya riga ya mutu, gawa ce a gabanka. Sai kekkon shite iru, ka ɗauka ana tsakiyar ɗaurin aure, ashe mutumin ya shekara goma da iyalinsa. Sai mado ga aite iru, ka zaci taga ce ke buɗe kanta a hankali kamar a fim ɗin aljanu. Daga nan malamin bidiyo zai fara kame-kame, ya ce to ai wani lokacin yana nufin kaza, wani lokacin kaza, sai dai ka haddace. Laifin ba nasa ba ne. Harshen da yake bayani da shi ne ke cakuɗa abubuwan nan biyu: "he is sitting" na iya zama mutum yana kan kujera tun ɗazu, kuma "he is putting on" da "he is wearing" sai da aka nemo aikatau biyu daban kafin a raba su.

Mu fa? Yaron da bai shiga firamare ba a Anguwan Rogo ya san bambancin "yana zama" da "yana zaune". Ya san "tana kwanciya" daban, "tana kwance" daban. Ya san in an ce kaza tana mutuwa a kawo wuƙa da sauri, in an ce a mace take sai bola. Hausa tana da siga ta musamman mai ƙarewa da -e don nuna halin da abu ya shiga ya kuma zauna a cikinsa: zaune, tsaye, kwance, buɗe, rufe, kunne, kashe, cike, karye, ɗaure, rataye, sanye da, riƙe da, ɗauke da. Paul Newman ya keɓe wa wannan siga babi guda a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. Mu ba mu buƙaci littafin ba kafin mu iya, da ita muka tashi.

To jera su ka gani. Suwatte iru, yana zaune. Tatte iru, yana tsaye. Mado ga aite iru, taga tana buɗe. Doa ga shimatte iru, ƙofa tana rufe. Denki ga tsuite iru, wuta tana kunne (abin da ba kullum muke samun damar faɗa ba a layinmu). Denki ga kiete iru, a kashe take, wannan kam mun haddace. Seetaa o kite iru, yana sanye da suwaita, kamar kowa a Jos cikin Disamba. Kaban o motte iru, tana riƙe da jaka. Shinde iru, a mace yake. Babu ko ɗaya da ya buƙaci dogon bayani. Abin da Japanawa suka zuba a buhu ɗaya mai suna -te iru, mu a buhu biyu muke ajiye shi, kuma wanda ya saba da buhu biyu ba ya ruɗewa in an haɗe masa su. Wanda bai taɓa sanin biyu ne ba shi ke shan wuya.

Misalin da na fi so, don babu ɗalibin jami'ar gwamnati da zai manta da shi: yajin aikin ASUU na 2022. Ranar 14 ga Fabrairu aka fara, ranar 14 ga Oktoba aka janye. Rufe ajin aikin rana ɗaya ne, shimatta, ya rufu. Amma wata takwas cur muna gida, duk wanda ya tambaye ka sai ka ce "makaranta tana rufe". Ba ka cewa tana rufewa. Wannan "tana rufe" ta wata takwas ita ce shimatte iru. Aiki ya auku cikin ƙiftawar ido, sakamakonsa ya yi zamansa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin.

Su kansu Japanawan sai da suka zauna suka yi wa abin nazari. Wani masanin harshe, Kindaichi Haruhiko, ya buga maƙala a 1950 inda ya kasa aikatau na Japananci gida huɗu, kuma -te iru ɗin nan ya yi awo da shi. Akwai waɗanda ba sa karɓarsa sam, kamar aru, wato akwai. Akwai masu ɗaukar lokaci, kamar ci da karatu da gudu, su ne ke ba da "yana yi". Akwai na nan take, kamar mutuwa da buɗuwa da kunnuwa, su ne ke ba da "yana ...-e". Sai gida na huɗu, waɗanda kusan kullum da -te iru suke yawo, kamar sobiete iru da ake faɗa wa dutse mai tsayi da ya tokare sama, irin duwatsun Shere in ka hango su daga gari, ko nite iru, yin kama da wani. Masana na baya sun yi wa rabon gyare-gyare, amma har yau daga nan ake farawa. Abin da ya burge ni, gida na biyu da na uku ɗin nan, Bahaushe yana tantance su da kunnensa kawai. Ka ɗauki aikatau, ka tambayi kanka: in na mai da shi Hausa, "yana ci" zan ce ko "yana zaune"? Amsar da bakinka ya ba ka, mafi yawan lokaci ita ce daidai.

Wani abu ma da ya fi wannan daɗi. A yammacin Japan, wajen Hiroshima da tsibiran Shikoku da Kyushu, karin harshensu ya raba abubuwan biyu kamar yadda muka raba. Suna da -yoru don aikin da ke gudana, da -toru don halin da aka shiga. Shiniyoru yana mutuwa, shindoru a mace yake. Wato tsoho a ƙauyen Shikoku da tsohuwa a Dilimi tsari ɗaya suke bi a wannan gaɓar, Japanancin Tokyo ne ya haɗe su. Ka ga kenan ba wai na ƙirƙiro kamancen ba ne don kishin harshe.

Yanzu bari in faɗi inda Hausar za ta iya kai ka ta baro, don kada wani ya tafi ɗakin jarrabawa da rabin magana ya dawo yana zagina.

Na farko shi ne zuwa da tafiya. Mu "yana tafe" na nufin yana kan hanya. Sai ka ga Kano ni itte iru ka ce ai shi ke nan, yana tafe Kano. A'a. Ma'anarsa ya tafi Kano kuma yana can, bai dawo ba. Haka sensei ga kite iru: malam ya zo, yana nan cikin aji, kai da ke tsaye wajen mai shayi kana jiran ya iso ka riga ka makara. Japanawa sun ɗauki zuwa da tafiya a matsayin aikin nan take, isowar suke kallo. Don haka "ina zuwa" ɗinmu na yau da kullum, wanda kake faɗa wa Mama in ta ƙwala maka kira, ima ikimasu ne, babu -te iru a ciki ko kaɗan, kuma da aikatau na tafiya ake faɗinsa.

Sai sani. Mu "na sani" muke cewa, da sigar shuɗaɗɗen lokaci, ko da yake yanzu muke nufi. Su shitte iru suke cewa, kamar a ce "ina sane". Ka ga ma muna da ita. Amma korewarsa ta karya doka: ban sani ba shiranai ne, ko shirimasen, ba a cewa shitte inai a maganar yau da kullum. Wannan kam hadda ce, babu harshen da zai cece ka. Aure ma haka, "yana da aure" muke cewa, su kekkon shite iru. Gajiya, mu "na gaji", su tsukarete iru, wanda ya fi kusa da "a gajiye nake". Dabarar dai ita ce in fassarar farko ta zo da "na" ko "ya", ka ƙara neman wata mai -e, sau da yawa tana nan a ɓoye.

Akwai kuma amfani na uku da littattafai ke jinkirtawa, Minna no Nihongo sai darasi na 28: abin da aka saba yi. Mainichi aruite iru, kullum yana takawa da ƙafa. Mu ma ai haka muke yi, "ina zuwa lakca a ƙafa kullum", ba lallai sai ka ce "nakan" ba. Daigaku de oshiete iru, yana koyarwa a jami'a, ko da a lokacin barci yake. Wannan bai kai a tsaya a kansa ba. Wanda ya fi cancantar a lura da shi shi ne mada tabete inai, ban ci ba tukuna. Duk inda "tukuna" ko "har yanzu" ta shigo korewarka, -te inai ake nema, don halin rashin cin ne ke ci gaba. Ɗalibi a ƙarshen wata ya san wannan halin.

In ka ƙara gaba kaɗan za ka haɗu da ƙanensa, -te aru. Mado ga aite iru, taga tana buɗe, ba ruwanmu da wanda ya buɗe, wataƙila iskar hunturu ce. Mado ga akete aru, an buɗe taga an bar ta haka da gangan. A nan ma muna da abin kamawa, don Japananci yana da tagwayen aikatau, akeru da aku, shimeru da shimaru, kowasu da kowareru, kwatankwacin buɗe da buɗu, rufe da rufu, fasa da fashe. Turanci kalma ɗaya yake amfani da ita ga wanda ya buɗe ƙofa da ƙofar da ta buɗu, shi ya sa masu koyo ta Turanci ke kuka da darasi na 29 da na 30. Mu "abinci ya dafu" da "an dafa abinci" ba su taɓa rikice mana ba.

Ko kunne ma muna da riba. Kite iru, kitte iru, kiite iru: yana sanye, yana yankawa, yana sauraro. Bambancin kawai tsawon wasali da nanata baƙi. Wanda ya tashi yana raba baba da babba, yana raba garin Jos da garin masara, ba zai sha wahalar jin wannan ba. Turawa da yawa suna shekara ba su kama shi ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce littattafan duk da Turanci suke, kuma gaskiya ne: Minna no Nihongo, tun fitowarsa a 1998, an yi masa littafin fassara da bayanin nahawu cikin harsuna da dama, Turanci da Faransanci da Sinanci da sauransu, babu Hausa. Za a ce in ka je Japan ma darussan digiri na biyu da yawa da Turanci ake yi. Ban musa ba, kuma ban ce kowa ya jefar da Genki ba. Karanta bayanin da Turanci, amma in ka zo gwada jimla a ranka, ka gwada ta da harshen da kake mafarki da shi. Jarrabawar JLPT, daga N5 har N1, wadda ake yi a Yuli da Disamba, babu Turanci a tambayoyinta. Japananci ne zalla. Ba wanda zai tambaye ka ta wace gada ka tsallako.

Abin da ya fi damuna ba nahawun ba ne. Na zauna da abokai masu ƙwaƙwalwa, masu cin jarrabawar lissafi da kimiyya, waɗanda in ka ce musu "ai wannan kamar yana zaune ne" sai su yi murmushin nan na jin kunya, kamar ka kawo tuwo wajen dina. An raine mu a kan cewa Hausa ta kasuwa ce da gida da masallaci, ilimi kuwa sai an sa masa kwat. Sai mutum ya ɗauko jimlar Japananci, ya kai ta Turancin da shi ma a aji ya koya, sannan ya sauke ta a Hausa a ɓoye cikin zuciyarsa. Zango biyu, kuma a zangon tsakiya ne kayan ke zubewa. Kamar mai zuwa Bauchi daga nan ne ya ce sai ya bi ta Abuja.

Alhali su Japanawan ba su raina harsunanmu ba. Tun a shekarun 1970 wani masaninsu, Matsushita Shuji na Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Tokyo, ya zo ya yi bincike a kan Gwandara, harshen da ya fi kowane kusa da Hausa, wanda ake yi nan kusa da mu wajen Nasarawa da Abuja, ya kuma wallafa littattafai a kai. Mutum ya taso daga Tokyo don harshen maƙwabtanmu. 'Yan uwana na sashen nazarin harsuna da ke neman taken furojet, ga shi nan a ƙasa: a kwatanta sigar -e ta Hausa da -te iru. Ya fi a sake maimaita taken da aka yi sau ɗari. Kuma wannan magana har da abokanmu Birom da Afizere da Anaguta da Angas da muke aji ɗaya, Hausar da kuke yi a Faringada ta ishe ku wannan aikin, wataƙila ma harsunanku na gida suna da nasu sirrin da ba wanda ya duba.

Yadda nake atisaye ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma ba ya cin data. Tafiyar da nake yi daga ɗaki zuwa ƙofar makaranta ta titin Bauchi, duk abin da idona ya faɗa kai sai in faɗe shi da Hausa tukuna, in saurari ƙarshensa, sannan in juya. Mai shayi yana soya ƙwai, tamago o yaite iru, aiki ne ke gudana. Keke yana tsaye a bakin hanya, tomatte iru, hali ne. Yara suna wasa, asonde iru. Shago yana rufe, shimatte iru. Kwata tana cike, bututu a fashe, allon sanarwa a karye, kowarete iru, wannan kalmar za ka yi ta maimaita ta har ka gaji. Jimla goma a tafi, goma a dawo. Da dare in rubuta su a littafi gida biyu, masu gudana a dama, masu -e a hagu, waɗanda suka ƙi shiga ko'ina in ja musu layi, don su ne ainihin darasin gobe. Juyin -te ɗin kansa, wato ku ya koma -ite, gu ya koma -ide, mu da bu da nu su koma -nde, u da tsu da ru su koma -tte, su ya koma -shite, da iku mai taurin kai da ya zama itte, bakinka zai kama shi a hanya ba tare da ka zauna hadda ba. Masu kallon anime kuma ku sani, tabeteru da shitteru da kuke ji, -te iru ɗin ne aka haɗiye masa i, kamar yadda muke cewa "Musa na zaune" maimakon "Musa yana zaune". Kada dai ka kai wannan gaban masu tantancewa, can tabete imasu ake so.

Akwai guda ɗaya da har yanzu muke gardama a kansa da abokan karatuna: nete iru. Neru na nufin kwanciya, yana kuma nufin barci. Ni na ce "yana kwance" ne, hali. Wani ya ce "yana barci" ne, aiki mai gudana, har ya kafa hujja da cewa ba ma cewa "yana barce". Na ce masa ai barci suna ne a Hausa, ba aikatau ba, dole ya ƙi karɓar -e. Ya ce to wannan ai ya nuna awon nawa yana da iyaka. Mun tashi ba a daidaita ba, wuta ma a kashe take, wayata saura kashi huɗu. Wanda ya yi nahawun Hausa da kyau a cikinku ya zo ya raba mu ranar Asabar bayan la'asar, shayi a kaina.